Tsayin Kabet ɗin Inna

Kabet ɗin Inna ba shi da tsayin da za a yi fariya da shi. In ta tsaya kusa da shi, samansa daidai ƙugunta yake, ta yadda in ta saki hannu kawai tafinta zai sauka a kai, ba sai ta ɗaga ba, ba sai ta sunkuya ba. Baƙin katako ne mai nauyi, ƙofa biyu a ƙasa, durowa biyu a sama, ɗaya daga cikinsu tun ina ƙarama ba ta buɗuwa sai an ɗan buga mata gwiwa. Kakanmu na wajen uwa ne ya sa wani kafinta a Yankara ya yi shi, shekarar da aka kawo Inna gidan Baba daga Sabuwa, aka ɗauro shi a amalanken shanu har ƙauyenmu da ke bayan Daudawa.

Kafintan gajere ya yi shi. Ƙarin tsayin daga duwatsu huɗu ya zo, masu faɗi, waɗanda Baba ya ɗebo a rafi aka sa ƙarƙashin ƙafafun saboda danshin daɓe da kuma gara. Na farkon da ya kawo sun yi kauri, Inna ta ce abin ya yi mata sama. Na biyun sun yi siriri. Baba har ya tsufa yana ba da labarin nan, wai shi sau uku ya je rafi saboda katako, ko kan neman aurenta bai yi zirga-zirga haka ba. Inna takan yi kamar ba ta ji ba, ta ci gaba da barbaɗa toka kewaye da duwatsun, aikin da ba ta taɓa fashinsa ba kowace Juma'a.

Wajen da aka ajiye shi ma ya jawo magana. A ƙauyenmu, mace in za a yi mata jere, bangon da ke kallon ƙofa ake ba kabet, don duk wadda ta ɗaga labule idonta ya fara sauka kan samira da tangaran, ta san daga gidan da aka fito. Ɗakin Inna ƙofarsa yamma take kallo, saboda haka bangon alfarmar shi ne na gabas. Inna ta ƙi. Ta sa aka jingina nata da bangon arewa, hannun hagu in ka shigo, inda sai ka waiwaya za ka gan shi sosai. Goggo, yayar Baba, ba ta taɓa yafe wannan ba. Duk zuwan da za ta yi sai ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Wai ke kayan naki na sata ne da kika ɓoye su bayan ƙyaure?"

Inna ta ce, "Yaya, ni ba ni iya salla ina kallon kwanoni."

Iyakar amsar ke nan, shekara da shekaru. A gefen kabet ɗin take shimfiɗa dardumarta, gefen darduma na bin gaban katakon tiryan-tiryan, fuskarta gabas, shi kuma yana hagunta. A samansa akwai fitila, da carbi, da ɗan kwanon goro mai rufi, da rediyon Baba. Mu yara da shi ake auna mu. Ranar da haɓarki ta haura samansa, ranar za a ce kin isa zuwa rijiya da ɗan tulu. Ni na daɗe ina ɗage don in kai, na kai kuma na yi ta da-na-sani, domin rijiyar tamu ba kusa take ba.

Ni ce 'yar fari, kuma Inna ta tsohon yayi ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini faɗa kai tsaye, ba ta yaba mini kai tsaye. In na yi laifi sai ta dubi bango ta ce, "Wasu dai ba su da kunne." In na kawo mata wani abu sai ta ce da wanda ke kusa, "Ku ce mata an gode." A haka na girma, kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba, don na san inda take ajiye mini ƙanzon tuwo: durowar nan mai taurin kai.

Na yi karatu, na zama malamar makaranta, aure ya kai ni Ƙanƙara. Can na ga irin kayan da mata ke jerawa yanzu, dogayen nan masu gilashi da madubi da ake kira dibaida, waɗanda ke tashi tun daga ƙasa har su kusa taɓa silin. Na saya na kafa a falona, na cika shi da kofunan da har yau ba wanda ya taɓa shan ruwa da su. Daga nan kuma idona ya canja. Duk lokacin da na je gida na ɗaga labulen Inna, sai in ga kabet ɗinta ya ƙara gajarta, ya ƙara baƙi, kusurwarsa ta gaba ta goge har tana sheƙi kamar bakin turmi. Kunya ta riƙa kama ni. Ina cewa a raina, mutane za su ce tana da 'ya mai albashi amma ɗakinta kamar na zamanin da. Ni kuwa Allah ya yi ni da iyayi. In na ga abu a karkace, ko ba nawa ba ne, hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Bayan rasuwar Baba yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Mun sani, amma ba mu san iyakar abin ba, domin a cikin ɗakinta yawo take kamar mai ido huɗu. Ta shigo, ta ɗauki carbi, ta buɗe kwanon goro, ta shimfiɗa darduma, ba ta taɓa laluben komai a gabanmu ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Da sauƙi, hazo-hazo ne kawai." Gwiwa ma tana damunta, ita ma da sauƙi. A wurin Inna komai da sauƙi yake.

Wata bazara ƙanwarta da ke Sabuwa ta samu jika, aka zo aka ɗauki Inna ta je suna, da niyyar ta yi mako guda. Na ce to, ga dama ta samu. Na sayi dibaida a Ƙanƙara, mai madubi uku, da kujerar kushin guda ɗaya mai laushi, na sa aka ɗora a a-kori-kura muka kama hanya. Ƙanena, wanda shi da matarsa ke zaune da Inna a gidan, yana gona lokacin da muka iso. Matarsa ce ta tare mu. Yarinya ce mai hankali, ba ta da yawan magana. Ta dubi kayan, ta dube ni, ta ce, "Yaya, ko a bari Inna ta dawo tukun?"

Na ce, "In ta dawo ai ba za ta yarda ba. So nike ta shigo ta ga abin mamaki."

Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin na daɗe ina jin sa a kunnena.

Dibaidar ta ƙi shiga ɗakin a tsaye, kuma da aka shigar da ita a kwance aka tayar, kanta ya tokari azara. Sai da muka cire kambin samanta. Ko wannan bai sa na tsaya na yi tunani ba. Na sa aka kafa ta a bangon gabas, tana kallon ƙofa, yadda Goggo ta so tun fil azal, Allah ya jiƙanta, ba ta ga ranar ba. Na kwashe samira da tangaran daga tsohon kabet na wanke su na jera a bayan gilashi. Carbi da kwanon goro na sa su a hawa na uku, inda na ga sun fi kyau. Maza huɗu suka ciccibi tsohon suka kai ɗakin ajiya suka dire shi a ƙasa tsakanin buhunan dawa. Duwatsun kuwa na ce a watsa su a kwatar ƙofar gida inda ruwa ke kwanciya. Muka shafe bango da farar ƙasa, na ajiye kujerar kushin a inda kabet yake. Da na tsaya bakin ƙofa na duba, kaina ya fasu. Har maƙwabta na kira su zo su gani, suka yi ta guɗa suna cewa haihuwa mai rana.

Na jira har Inna ta dawo. Ta yi sallama, ta ɗaga labule, ta shiga da hannun hagunta a ɗan miƙe kamar yadda ta saba, sai hannun ya faɗa cikin iska. Ta ɗan yi taga-taga, ta tsaya. Na ɗauka mamaki ne ya kama ta. Na yi ta zuba kamar kanya, ina nuna mata madubi, ina nuna mata kujera, ina cewa ta zauna ta ji laushi. Ta zauna, kujerar ta haɗiye ta har gwiwoyinta suka fi ƙugunta tsawo. Sai ta juya wajen matar ƙanena ta ce, "Ku ce mata an gode. Allah shi yi albarka, Allah shi ba ta masu yi mata."

Washegari na koma Ƙanƙara ina jin na yi abin kirki.

Damina ta shigo, hanya ta lalace, ga makaranta, ga kuma zaman ɗar-ɗar da ake yi a yankin, wanda ya sa ba kullum ake bin hanyar ba. Waya kawai muke yi, kuma a waya komai da sauƙi. Ban sake taka gida ba sai da aka fara yankan gero, aka ba mu hutu.

Da la'asar na isa. Tsakar gida ba kowa, na wuce ɗakin Inna na ɗaga labule a hankali. Tana salla a zaune. Ban taɓa ganin Inna ta yi farilla a zaune ba, ko lokacin da take fama da zazzaɓi. Dardumar kuma a karkace take, ta fi kallon kudu fiye da gabas. Na tsaya kamar an dasa ni. Da ta sallame ta yi addu'a, sai na ga ta miƙa hannun hagu sama, daidai wani wuri a cikin iska, ta dafa babu. Hannun ya sauko kan kujerar kushin, ta danna, kujerar ta lotsa. Ta janye hannun. Sai ta juya ta rarrafa da gwiwa har bakin gado, ta kama ƙarfensa, ta ja jikinta sama da ƙyar tana nishi.

Na saki labulen ban yi sallama ba. Na samu matar ƙanena a bayan ɗaki tana sheƙe gero, na ce ta gaya mini gaskiya.

Ta ajiye ƙwaryar ta ce, "Yaya, Inna ba ta gani. Haske da duhu kawai take bambantawa, ya fi shekara biyu. Da kabet ɗin nan take komi. In ta shigo shi take taɓawa ta san inda take. Da shi take daidaita darduma ta san gabas. In ta yi sujada, kusurwarshi take dafawa ta miƙe. Tun da aka ɗauke shi sau biyu tana faɗuwa, daga nan ta koma yi a zaune. In ina kusa ni ke gyara mata darduma, in ba ni nan ba ta kira."

Na ce, "Mi ya hana ku faɗa mani?"

Ta ce, "Ta hana. Ta ce duk wanda ya faɗa maki ba ta yafe ba. Mun ce a maido mata tsohon, ta ce a'a, in kin zo kin gani ranki zai ɓaci, ke da kika yi don a ji daɗi."

Na zauna a kan turmi na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekara talatin da wani abu ina ganin hannun nan yana sauka a kusurwar nan, har katakon ya goge, ni kuwa abin da na gani kawai shi ne ya tsufa.

Na tashi na nufi ɗakin ajiya. Daga nesa kabet ɗin yana nan yadda yake. Da na kama shi zan ja, sai ƙasansa ya zube. Damina guda a kan daɓe, ba dutse, ba toka, gara ta cinye ƙafafun duka da rabin ƙofofin, ta bar ɓawo. Na fita kwatar ƙofar gida ina tonon laka da hannu. Duwatsu sun fi ashirin a wurin, kowa ya zo ya jefa nasa, ban iya gane ko ɗaya ba.

Ranar kasuwar Yankara na je neman kafintan. Ya daɗe da rasuwa, ɗansa ne a rumfar, shi ma da furfura. Na kwatanta masa abin da nake so: ƙofa biyu, durowa biyu, katako mai nauyi wanda in an dafa ba zai motsa ba. Ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya ciro fensir daga bayan kunne ya ce, "Malama, tsawo nawa?"

Na nuna ƙuguna, sai na tuna na fi Inna tsawo. Na nuna ƙasa kaɗan, na ga kamar ya yi ƙasa. Ya ce, "In don dafawa ne, yatsa biyu ma bambanci ne. Ki tahi ki auno."

A ina zan auno? Ƙafafu gara ta ci, duwatsu sun ɓace, layin da samansa ya bari a bango ni da kaina na shafe shi da farar ƙasa. Awon bai rage a ko'ina ba sai a jikin Inna.

Na koma gida na karyo karan dawa mai tsawo na shiga ɗakinta. Ban iya kewaye-kewaye ba, na durƙusa na ce, "Inna, na yi ɓarna. Ki yafe mani." Ta juya fuska wajen bango ta ce, "Wa ya ce an yi ɓarna? Wasu dai ba su rasa abin faɗi." Na ce ina so ta tashi ta nuna mini inda hannunta ke sauka. Ta ce ba sai an wahalar da kowa ba. Na ce ba zan tashi daga wurin ba. Ta san halina, ita ta haife ni. Muka kama ta ni da matar ƙanena muka tsayar, muka janye kujerar, muka kai ta gefen bangon arewa. Ta tsaya ta fuskanci gabas ba wanda ya nuna mata. Sai ta saki hannun hagu, ya sauka ya tsaya cak a cikin iska, tafin a shimfiɗe, yatsun sun ɗan lanƙwashe kamar suna riƙe da bakin katako. Na kafa karan a ƙasa na karya shi daidai tafinta. Na sake aunawa sau biyu, bai canja ba.

Kwana shida aka kawo sabon. Na sa an yi shi da tsayin karan har da duwatsu huɗu da ƙanena ya ɗebo a rafi. Muka kafa shi a wurinsa, muka mayar da carbi da kwanon goro samansa. Inna ta shigo, hannunta ya same shi tun taku na biyu. Ta shafa samansa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ce, "Nan ne." Ta ɗauki darduma ta shimfiɗa da kanta, gefenta na bin katakon. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Azahar ce. Muka tsayar da ita ta yi kabbara, ta yi ruku'u, ta sauka sujada. Da ta zo tashi ta miƙa hannu ta kama kusurwar, ta danna. Jikinta ya ɗago kamar taƙi guda, ya tsaya, ya koma. Ta sake. Na ga jijiyoyin hannunta sun miƙe, gwiwar ta ƙi. Wata shida na zama sun cinye ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta ƙarasa sallar a zaune. Da ta sallame ta ce, "Kafinta ya yi aikinshi. Ƙafar ce ta riga ta tahi."

Da la'asar na ce a gwada da ni. Ta dafa kabet da hagu, ni in tsaya a damanta ta dafa kafaɗata. Na ɗauka za ta ƙi. Sai ta miƙo hannu ta lalubo kafaɗar, ta ce, "Kin yi tsawo. Ranƙwafa." Na ranƙwafa. Ta ce, "Ƙara." Na durƙusa a kan gwiwa ɗaya har kafaɗata ta zo daidai da saman katakon. Ta danna mu duka biyu, ta miƙe. Nauyinta bai kai na ɗan tulu ba. Raka'a huɗu ta yi a tsaye, ina durƙushe a gefenta, duk tashi hannunta na sauka a kafaɗata, hawaye na zuba mini ina haɗiye sautin don kada in ɓata mata salla. Rabon da Inna ta taɓa jikina da gangan tun ina goye.

Kwana tara muka yi a haka, salla biyar, ba ta yi ko ɗaya a zaune ba. Na yi tunanin in nemi ƙarin hutu, na yi tunanin in tafi da ita Ƙanƙara, ta ce ita ba mai raba ta da ɗakinta. Matar ƙanena ta ce za ta ci gaba da yi mata yadda nake yi. Na koya mata inda za ta durƙusa, na ƙulla kayana da wannan ƙwarin gwiwar.

Ranar tafiya da azahar, da ta miƙe a raka'ar ƙarshe hannunta bai bar kafaɗata da wuri ba. Ta sallame, ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce, ba da bango ba, ba da matar ƙanena ba, da ni, "Tashi ki kama hanya tun da rana."

Bayan kwana biyu na kira waya. Matar ƙanena ta ce ta je ta durƙusa kamar yadda na nuna mata, Inna ta lalubo kafaɗarta ta ɗan bubbuga, ta sa mata albarka, ta ce ta tashi ta je ta ji da girkinta, ita ba ta ɗora wa 'yar mutane nauyinta sau biyar a yini. Na ce a ba ta wayar. Na roƙe ta, na ce hutu na gaba ba nisa, ta daure a riƙa tayar da ita kafin in zo. Ta ce, "Da sauƙi. Sai kin zo."

Hutu na gaba ya zo, na je da kafaɗata, amma ko zama a kan darduma sai an tallafe ta. Ba ta ƙara yin salla a tsaye ba har Allah ya karɓi abinsa, kafin damina ta zagayo. Ina kewarta kullum, amma an fi tsananta mini da azahar, lokacin da na ɗago daga sujada na ji gwiwoyina sun ɗauke ni ba tare da na dafa komai ba.